Wankan Ƙato

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, wanda tun safe yake zaune bai ko motsa ba, Allah ya saka wa bayansa da alheri. Shugabar sashen da ta aiko mini da gayyata. Manyan likitoci da ƙananansu. Malaman jinya maza da mata. Malamai masu koyarwa, da ɗalibansu da ke can baya suna danna waya. Iyaye 'yan uwana masu jinya, waɗanda muka san juna a kan benci ɗaya a ƙofar ɗaki ɗaya. Majinyatan da aka turo a kujera da waɗanda suka tako da sanda. Da sauran jama'a, har da waɗanda sanyin ɗakin nan ne kawai ya shigo da su: ina gaishe ku gaisuwar girma, kowa da matsayinsa.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya tara mu da rai. Bayan haka ina gode wa ma'aikatan wannan asibiti, domin 'yata a sume aka shigo da ita, kuma da numfashinta muka fita da ita. Wannan ba zan manta ba ko da me zan faɗa nan gaba, kuma ina roƙon ku ma kada ku manta na faɗa.

An ce in zo a matsayin uban majinyaciya in faɗi yadda muka ga aikinku. Na tambayi wanda ya kawo saƙon, yabo ake so ko gaskiya? Ya ce duk wanda ya samu. Na duba gida, yabo akwai, amma ba zai cika jawabi ba, sai na haɗo da ɗayar.

Ni mai faci ne. Rumfata tana bakin titi, tsakanin mai walda da mai wankin mota, wato tsakanin wuta da ruwa. Na bar makaranta tun kafin malamai su gama riƙe sunana, kuma da na tafi babu wanda ya zo nemana. Wannan takarda da hannuna na rubuta ta. Idan kun ji na yi shiru a tsakiya, kada ku ɗauka hikima ce, rubutuna ne ya gagare ni.

Mu a gida duk 'yan gashin ƙashi muke ce muku. Sai daga baya aka fahimtar da ni cewa kun kasu biyu: akwai masu tayar da ƙafa da miƙe gaɓa, akwai kuma ku, masu mayar da mutum ga harkokinsa na kullum, sa riga, cin abinci, wanka, sana'a. Kuma abin da ya tara mu yau shi ne abin da aka rubuta a ƙyallen da ke bayan shugaba: wai majinyaci ne zai faɗi abin da yake so ya iya, ku kuma ku bi bayansa. Magana ce mai kyau. Ni a sana'ata ba ma yin haka. Ban taɓa tambayar taya inda take son zuwa ba; in nemo huda, in toshe, in ba ta iska, ta kama gabanta. To amma ku ba taya ake kawo muku ba, shi ya sa aka rubuta muku ƙyalle, ni ba a rubuta mini ba. An ce a tattauna ko an fahimci wannan magana. Ni ban san littattafanku ba. Abin da na sani shi ne yadda aka fahimce ta a kan 'yata, kuma shi zan faɗa.

'Yata ta fari, Lauya nake ce mata. Tun tana ƙarama, in ka ce mata zauna, sai ta ce a kan wane dalili. Ta yi karatun da ban yi ba, ta yi aure, ta haifi ɗa namiji, ƙaton gaske, har muka ce da haƙoransa zai fito. Ƙato muke kiransa. Ni kuma abokina nake ce masa, ko da yake tun zuwansa ya ƙwace mini mata, kakarsa ba ta ƙara dubana ba. Ba a jima da haihuwar ba jininta ya hau. Ɓarin dama ya shanye, hannu ya naɗe, harshe ya yi nauyi. Lauyar da ba a iya rufe mata baki, ta koma sai ta yi gumi kafin kalma ɗaya ta fito.

Da aka sallame ta, gidana aka kawo ta tare da jaririn, don uwarta ta kula da su. Wata rana uwar ta fita shanya, yaro ya yi kuka a kan gado, Lauya ta miƙa hannu ta ɗauke shi kamar yadda kowace uwa za ta yi. Ya zame ya faɗo ƙasa. Allah ya tsare, ƙulu kawai ya yi a goshi. Washegari surukarta ta zo, uwar mijin. Kada ku zana ta da ƙaho a zuciyarku, mace ce mai hankali, kuma da kuka ta yi maganar. Ta ce, "Baban Lauya, zan tafi da shi. Ranar da za ta iya ɗaukarsa ta yi masa wanka bai suɓuce mata ba, wallahi da ƙafata zan dawo da shi." Ta naɗe shi a tawul ta fita. Babu wanda ya hana ta.

Haka muka fara zuwa wurinku, uwa a gidana, ɗa a wani gida can ƙarshen gari.

Abu na farko. Malamin da aka fara ba mu matashi ne mai fara'a, Murmushi muke ce masa. Ban taɓa ganin mai ladabi irinsa ba. Yana gaishe ni har sai na ji kamar ina da mota. Yakan durƙusa gaban Lauya ya ce, "Anti, a nan ke ce shugaba. Duk abin da kike so shi za a yi." Sai ya jawo allo mai ramuka da 'yan sanduna masu launi, ya ce, "Wanne kike so mu fara da shi, ja ko shuɗi?" Ta nuna ja. Ya ce, "Madalla, zaɓinki ne." Wani zuwan a ce kofuna za a jera ko maɓalli za a ɓalle. Ta nuna kofuna. Madalla, zaɓinki ne. Jama'a, ni ma haka nake yi wa yarana suna ƙanana: yanzu za ka sha maganin ko in na ɗauko bulala? Kowanne ya zaɓa, maganin zai sha. Murmushi bai cuce ta da gangan ba. A fahimtarsa, bin majinyaci shi ne sakin fuska da ba shi zaɓi tsakanin abubuwan da ke cikin kabad. Abin da 'yata take so kuwa ba ya cikin kabad ɗin.

Abu na biyu. Aka canza mana wata malama mai sauri, ga mutane a layi har bakin matakala, ban ga laifinta a kan saurin ba. Ita ta yi tambayar da ke kan ƙyallen nan, tiryan-tiryan. Ta ce, "Me kike so ki iya yi da kanki?" Lauya ta buɗe baki, leɓe yana rawa, wuya yana kumbura. Kafin kalmar ta taso daga ƙirji ta iso baki, malama ta riga ta juyo wajenmu ta ce, "To iyali, ku me kuka gani?" Mu kuwa muna tsaye reras kamar masu jiran a ɗauke mu hoto. Uwarta ta ce ta iya shiga banɗaki ita kaɗai. Mijinta ya ce ta iya riƙe cokali. Ni ma, da yake bakina rediyo ne da maɓallin kashewa ya karye, na ce ta iya sa hannu a takarda, don kada karatunta ya tafi a banza. Duk abin da muka faɗa gaskiya ne, duk tana bukatarsa, kuma babu nata a ciki ko ɗaya. Aka ce an ji ta bakin majinyaciya. Alhali ta bakin masu majinyaciya aka ji. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu kuwa maƙwabta aka tambaya.

Za ku ce, ku iyayenta ba ku san ɗanta take so ba? Mun sani mana. Amma a gida ko sunansa ba ma kira, don kada mu fama mata ciwo. Kuma a tunaninmu na jahilai, hannu ne zai warke tukuna, sannan a yi zancen yaro. Babu wanda ya zaunar da mu ya ce wannan hannun ba lallai ya dawo yadda yake ba. Babu wanda ya ce mana mace tana iya koyon yi wa jariri wanka da hannu ɗaya. Ba su ce ba domin ba su san ana neman wanka ba. Mu ba mu tambaya ba domin ba mu san ana koyar da shi ba. Haka muka zauna, makaho yana jiran kurma ya kira shi.

Abu na uku, kuma shi ya fi ci mini rai. Wata rana aka ajiye mata allon nan mai ramuka, sai ta sa hannun hagu ta share shi daga kan tebur. Sanduna suka watse har ƙarƙashin kujeru, ni na bi su da rarrafe ina tsincewa, da furfurata. A zuwa na gaba ta juya fuska bango. Sai wani babba a cikinku ya kira ni gefe, da murya mai sanyi, ya ce, "Baba, a tsarinmu ba ma tilasta wa majinyaci. Tunda ba ta so, mu mutunta ra'ayinta. Ku je gida, in ta shirya ku dawo." Na ce, "Ranka ya daɗe, mene ne ba ta so ɗin?" Ya ce, "Jinyar." Na yi godiya, domin mu talakawa ko korarmu aka yi da lafazi mai daɗi sai mun yi godiya. Ashe akwai fahimtar da take cewa bin majinyaci shi ne ka sake shi a inda ya faɗi. Matar da ta share tebur da hannu magana ta yi, da ƙarfi ma kuwa. Cewa ta yi ba wannan ba. Babu wanda ya ce mata, to wanne?

Muka zauna a gida wata da watanni. A can kuwa Ƙato yana ta aikinsa. Ya koyi zama, ya koyi rarrafe, ya kama kujera ya miƙe. Akan kawo shi gaisuwa jefi-jefi, a ɗora mata shi a cinya wani yana tallafe da shi, kamar baƙon da aka ba aron kujera, kafin a ce yamma ta yi, mota za ta yi wuya.

Uwarta ce ta matsa muka dawo. Wannan karon aka haɗa mu da wata dattijuwar malama, wadda masu jinya suke kira Sajan. Tana cikin ɗakin nan, na gan ta, ba zan nuna ta ba don ina son in koma gida lafiya. Ba ta murmushi, ba ta ce wa kowa shugaba. Muna shiga ta dube mu ta ce, "Wace ce majinyaciyar?" Muka nuna. Ta ce, "Sauran ku fita." Na ce, "Malama, ni ne ubanta, ni nake fassara mata." Ta ce, "Da wane yare take magana?" Na fita.

Da yake ban da tarbiyyar asibiti, sai na manna kunne a ƙofa. Na ji ta yi tambayar nan dai, irin wadda aka taɓa yi. Sai shiru. Shiru ya yi tsawo har na ɗauka su biyun sun yi barci. Mutane a layi suna tsaki, wani yana cewa ko an tafi cin abinci ne. Sajan ba ta ƙara kalma ba, ba ta taya ta ba, ba ta ce ko kaza kike nufi ba. Can sai na ji muryar 'yata, kamar ana jan ƙarfe a kan siminti: "Ƙa... to." Aka ce, "Me za ki yi masa?" Wani shirun. "Wan... ka."

Ƙofa ta buɗe har na kusa faɗawa ciki. Sajan ta ce, "Wane ne Ƙato, kuma yana ina?" Na ba ta labari a tsaye. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Tun yaushe?" Na faɗa mata.

Ta zo gidana da ƙafarta. Ta duba banɗaki, ta duba baho, ta sa na yanke ƙafafun wata kujera don ta yi ƙasa, ta sa aka shimfiɗa roba don kada a zame. Ta ɗinka 'yar tsana ta ƙyalle mai kauri, ta cika ta da yashi. Ta koya wa Lauya ta zauna ta sa baho tsakanin ƙafafunta, ta tare da gwiwa, ta tokare da mataccen hannun, ta cuɗa da na hagu, ta jawo tawul da haƙori. Ni aka naɗa sikeli. In je gidan surukai in ɗaga abokina sama kamar wasa, in dawo in ɗaga 'yar tsana in ce a ƙara. Kullum a ƙara. Sajan tana farke ɗinki tana ɗura yashi, Lauya tana gumi tana binsa, shi kuwa yana can yana ci yana ƙiba, bai san ana tsere da shi ba. Ban taɓa ganin 'yata ta yi aiki irin na lokacin ba. Wadda aka ce ba ta son jinya, sai an ƙwace bahon daga gabanta.

Ran wanka, in ji masu magana, ba a ɓoyon cibi. Surukarta ta cika alkawari, ta kawo shi da hantsi, a ƙafarsa ya shigo gidan. Aka zuba ruwa mai ɗumi. Lauya ta zauna a kujerarta, ta gyara baho, ta miƙa hannu. Aka tuɓe shi aka miƙa mata. Jama'a, ina shaida a gaban Allah, ta yi komai daidai. Ta tare da gwiwa, ta tokare, ta ɗebo ruwa, ta shafa sabulu. Hannu bai ci amanarta ba. Amma yashi ba ya kuka, yashi ba ya harbi da ƙafa, yashi ba ya duban fuskarka ya ga baƙuwa. Yaron ya ƙwalla ƙara, ya banƙare, ya sulluɓe da santsin sabulu, ya fita daga bahon da gudu tsirara, ya rungume ƙafar kakarsa ta wajen uba yana cewa, "Mama! Mama!"

Babu wanda ya motsa. Kumfa tana bin hannun 'yata tana ɗiga a ƙasa. Surukar ta toshe baki da mayafi. Ni da ba na rasa abin dariya ko a gidan makoki, na laluba aljihuna kaf ban samu ko ɗaya ba.

Daga baya Sajan ta faɗa mini abin da ban tambaye ta ba. Ta ce da a farkon zuwanmu aka fara, lokacin yana jariri, inda aka ajiye shi nan yake kwanciya, kuma warin jikin uwarsa kawai ya sani, da abin bai kai rabin wannan wuya ba. Ta ce ba ta yi mini alkawarin da an yi nasara ba, amma da an gwada a kan lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa sai da ayari ya yi nisa muka fara neman wuƙa.

Saboda haka ina roƙonku, ku malamai da ke aiki, da ku ɗalibai da za ku gaje su. Ku yi tambayar a ranar farko, ba ranar da kuka gaji da mutum ba. In kun tambaya, ku jira, ko da layi zai zage ku. Wanda harshensa ya yi nauyi ba wanda ba shi da magana ba ne. Ku kore mu waje, mu iyaye, muna da ƙauna amma muna da baki. In majinyaci ya ture kayanku, kada ku ce ya ƙi jinya, ku ce ya ƙi kayanku. Ku kuma shugabanni, da kuke ba malami ɗaya mutanen da suka ishi malamai biyar, ku sani jira ma kayan aiki ne, ku saya musu shi kamar yadda kuke sayen alluna. Ciwo yana iya jiranku. Abin da mutum yake so ya koma gare shi ba ya jira: yaro yana girma, shago yana rufewa, gurbi yana cikewa.

Kuna so ku san inda muke yanzu. Surukarta ta ce ba za ta iya ɓamɓare yaro daga jikinta yana ihu ba, kuma Lauya da kanta ta girgiza kai ta ce kada a yi. Sajan ta sake zama da ita, ta sake tambaya, ta sake jira. Abin da suka tsayar shi ne, ina kai ta gidan surukar da safe kafin in buɗe rumfa. Kakar tana yi masa wanka, ita kuma tana zaune a bakin ƙofar banɗaki da tawul a cinya. In an gama, wata rana ya yarda ta goge masa baya, wata rana ya ƙi. Ya fara sabawa da ita. Har suna ya ba ta. Anti yake ce mata.

Yau da safe da na ce mata zan zo nan, sai ta nuna mini ƙarƙashin gado, inda 'yar tsanar yashin nan take, ta yi ta fama har ta haɗa magana mafi tsawo da na ji daga bakinta tun da ta kwanta. Ta ce, "Baba... mayar... musu... da ɗansu."

Ga shi nan a jakar nan, mai girma shugaba. Zan ɗora shi a kan teburinka, ka yi haƙuri da yashin da ke zuba. Ina roƙon kowane ɗalibi, kafin ya fita, ya zo ya ɗaga shi da hannu ɗaya, na hagu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Allah ya ƙara wa malamanmu ilimi, ya ƙara musu haƙurin saurare, ya sa wa aikinsu albarka. Allah ya sassauta wa masu jinya, ya ba su ladan zaman benci. Allah ya raya mana Ƙato, ya saka wa kakarsa da alheri, ya nuna wa 'yata ranar da zai kira ta da sunan da yake nata, ina raye ko ba na raye. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya tarar da iyalinsa sun gane shi.

Na gode.